Layi Biyu a Ƙarƙashin Sunan Baba

"Wa ya aike ki?"

Muryar tsohon maƙwabcina ce ta ratso bango da safiyar Litinin, ina tsaye ina jiran ruwa ya tafasa. Bangon da ya raba kicin ɗina da falonsu ba shi da wani kauri. In sun ajiye cokali ina ji.

"Ba wanda ya aike ni, Baba. Gaskiya na rubuta."

"Gaskiya! Shekara tara abin nan yana kwance bai motsa ba, ke mai iyawa kika je kika taɓa shi. Jiya mutum uku suka kira ni. Har da wanda na ɗauka ya daɗe da mutuwa."

"Ai sun kira ne su ce sun ga an wanke ka."

"Sun kira ne su tambaye ni inda na je ran nan. Uwata, ranar Alhamis zan zauna gaban kwamitin nan. Kin san shekaruna? Kina jin akwai wanda zai sake kirana bayan su?"

Sai ƙarar kujera da aka ja da ƙarfi. Ruwana ya tafasa har ya ƙone ban sani ba.

Uwata yake ce wa 'yarsa, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Mu mutanen benen muna ce mata Mai Layi Biyu, ita ce kuma ta jawo wa kanta sunan. Duk wanda ya tambaye ta sana'arta sai ta ɗauki wayarsa, ta rubuta wani abu a akwatin bincike na intanet, ta nuna masa jerin sakamakon. "Ka ga wannan babban rubutun? Kan shafi ne, ba nawa ba ne. Ka ga layi biyun nan ƙanana da ke ƙarƙashinsa, waɗanda suke gaya maka abin da ke ciki kafin ka danna? To, su nake rubutawa." Yawanci mutane kan yi dariya su ce, "Wannan ma aiki ne?" Takan ce, "Kai da ka danna na biyu ka bar na farko, wa kake jin ya sa ka?"

Shekarunta talatin da ɗaya. Doguwa ce, ba ta zama wuri ɗaya. Ko a kujera take, ƙafarta tana rawa. Teburinta yana jikin taga, a lungun falo, tsakanin firji da katifar babanta da ake jinginewa da rana. Kwamfutar ta tsufa, harafi biyu sun goge a kan madannanta. A gefen allon ta manna takarda ta rubuta 155 da jan biro: iyakar haruffan da injin bincike yake nunawa ke nan, kusan-kusan, in ka wuce ya datse maka magana ya sa ɗigo uku. Ta daɗe ba ta buƙatar takardar. In kina mata magana za ki ga babban yatsanta yana tafiya a kan gaɓoɓin sauran, tana ƙirga haruffan maganarki. Ta taɓa ce mini, "Maƙwabciya, gaisuwarki ta safe ɗari biyu da goma ce. Da shafi ce da an datse ki tun a 'ya gajiya'."

Da shagon takalma ta fara, bayan ta gama karatu ta yi shekara biyu tana yawon kai takardu ofis-ofis. Mai shagon yana da shafuka ɗari uku, duk layi ɗaya ya sa musu: kaya masu kyau, farashi mai sauƙi. Ta zauna ta ba kowane takalmi nasa. Daga nan sai mai sayar da tayoyi, sai asibitin haƙori, sai makarantar koyon tuƙi. Tana da dokokinta, kuma ba ta yarda a taɓa su. Ba ta rubuta wa shafin da ba ta karanta har ƙarshe ba. Kalmar da mutum zai nema tana zuwa a farko. Ba ta alkawarin abin da ba ya ciki, don a cewarta wanda ka yaudara ya shigo, da gudu zai fita, kuma da zagi. Ranar Juma'a takan buɗe rahoton da ke nuna mutum nawa suka ga layinta, mutum nawa suka danna. Ban taɓa ganin wanda yake kallon lambobi da irin wannan yunwar ba. Ba ta da sunanta a ko'ina a cikin dubban layukan da ta rubuta, amma in ɗaya ya yi kasuwa sai ta yini tana waƙa a kicin.

Babanta kuwa shugaban magina ne a da. Ya yi shekara ashirin da shida yana tsaye a kan gine-ginen mutane, har ranar da matakalar wani bene mai hawa uku ta rufta, kwana biyu bayan an zuba kankarenta, leburori biyu suka karye. Aka tsare shi kwana goma sha ɗaya. Bayan wata bakwai bincike ya nuna simintin da aka kawo gurɓatacce ne, aka sallame shi. Wata ƙaramar jarida ta intanet da ta buga labarin kamun ta ƙara sakin layi ɗaya a can ƙasan shafin, ta ce an wanke shi. Amma duk wanda ya rubuta sunansa a akwatin bincike, abin da yake gani a ƙarƙashi shi ne:

"An tsare shugaban magina bayan ruftawar matakalar bene mai hawa uku, leburori biyu sun ji rauni. 'Yan sanda sun ce ana ci gaba da bin..."

Ba mai dannawa. Me za a danna a gani, an riga an gama shari'a a layi biyu? Tun daga lokacin aikinsa ya koma gyaran famfo da liƙe tsagar bango. Shekaru suka bi ta kan shafin, ya yi ta nutsewa har ya koma ƙasan jerin, inda sai mai naci yake kaiwa. Sai ga wannan kwamitin na wata unguwar gidaje da za a gina, suna neman dattijon da zai sa ido a kan aiki. Wani tsohon abokinsa ya kai sunansa. Tsohon ya fito da takalminsa na fita ya goge tun saura mako uku.

Da azahar ɗin Litinin ɗin ta shigo wurina ba sallama, ta tsaya a tsakar ɗaki da waya a hannu.

"Kin ji mu, ko? Kar ki ce ba ki ji ba, bangon nan ko tari ba ya riƙewa."

Na ce na ji. Ta zauna, ta miƙe, ta je taga.

A ranar na san yadda aka yi. Wata huɗu da suka wuce ta ji jaridar nan tana neman wanda zai sabunta layukan tsofaffin shafukanta, dubu shida da wani abu. Aiki ne mai cin rai da ba wanda yake so. Ita ta bi shi kamar farauta. Ta yi wa editan gwajin shafi hamsin kyauta, ta kira shi har ya gaji. Da ta samu, ba ta je kan shafin babanta kai tsaye ba. Ta bi su bisa kwanan wata, ɗaya bayan ɗaya, gobarar kasuwa, gasar ƙwallo, bikin yaye ɗalibai, mako bakwai cur, don kada a ce ga abin da ya kawo ta. Da ta iso kansa, sau arba'in da ɗaya ta rubuta tana gogewa. Ta miƙo mini wayar in ga wanda ta tsayar.

"An zarge shi, an tsare shi, aka wanke shi, amma ba wanda ya ba da labarin wankewar. Ga abin da bincike ya gano kan shugaban maginan da aka ɗora wa laifi."

Ban san lokacin da yatsana ya kai kansa ba.

"Kin gani?" ta ce, ta fizge wayar. "Ke ma kin danna."

Haka kowa ya yi. Shafin da a shekara ba ya samun mutum goma ya samu dubu a mako biyu. Aka tura shi zauren hirar magina na waya, aka tura shi zauren 'yan unguwa, ya taso daga ƙasan jerin ya zauna a sama daram. Mutane kuma da suka shiga ba su tsallaka zuwa sakin layin ƙarshe ba. Sun bi ta tsakiya, inda rahoton ya ce ranar da aka zuba kankaren shugaban maginan ba ya wurin, kuma ya ƙi gaya wa masu bincike inda ya je. A ƙasan shafin, wajen sharhin masu karatu, tambaya ɗaya aka yi ta maimaitawa. To, ina ya je? Da yana nan, ai da ya ga simintin.

Allura ta tono garma.

Na ce, "Ke da ba kya rubuta wa shafin da ba ki karanta har ƙarshe ba. Kin san wannan sakin layin yana ciki."

Ta yi kamar ba ta ji ba.

"Kuma kin san aikin layi mai kyau shi ne ya jawo mutane. Shekara nawa kina wannan sana'a? In binnewa kike so, da kin rubuta mai sanyi, wanda ba mai waiwayarsa."

"Ke maƙwabciyar nan kin cika tonon silili."

"Ina ya je?"

Ƙafarta ta daina rawa. Shi ne karo na farko da na ga haka.

Tana shekarar ƙarshe a jami'a, wata ƙawarta ta roƙe ta ta shiga ta rubuta mata jarrabawa. Ba don an ba ta komai ba. Ƙawar ta ce, ke kaɗai ce za ki iya, ita kuma wannan maganar ta fi mata zuma. Ta zauna a kujerar wata, da katin wata, ta cika shafi uku kafin mai tsaron jarrabawa ya dafa teburin. Daga ofishinsa ta kira babanta tana kuka, da ƙarfe tara na safe, motar kankare tana tsaye a bakin gini. Ya bar wa mataimakinsa aikin ya taho. Ya yi awa huɗu yana roƙon mutumin da bai kai ƙaninsa ba, har aka yayyage takardar aka ce su tafi. Da ya faɗi inda ya je, da an kore ta daga makaranta, da sunanta ne a jarida. Bai faɗa wa 'yan sanda ba, bai faɗa wa lauyansa ba. Mahaifiyarta ma har ta rasu ba ta sani ba.

"Kin san abin da ya fi ci mini rai?" ta ce. "Bai taɓa goranta mini ba. Ko sau ɗaya. In na ɗauko maganar sai ya ce, Uwata, ɗora mana shayi. Shekara tara ina ɗora shayi."

A raina na daina yarda cewa kuskure ta yi. Ina jin ta rubuta layin nan ne don a shiga, a karanta, wani baƙo ya yi tambayar da aka hana ta amsawa a gida. Ko kuma hannunta ne ba zai iya rubuta abin banza ba, ko da a kan babanta. Wataƙila duka biyun. Ita kanta ba na jin ta raba su.

Ranar Talata ta je ofishin jaridar. Ta dawo tana huci, ta ba ni labari a kan matakala. Editan, wani mai ƙiba da ke cin gyaɗa daga aljihun teburinsa, ya saurare ta har ta gama ya ce, "Wato babanki ne? Shi ya sa kika ishe ni da waya! Hajiya, mu ba ma goge labari. Kuma shafin nan yanzu shi ne na uku wajen yawan masu karatu a gidan nan, in na taɓa shi sai a taɓa ni. Layukan dai naki ne, ki yi yadda kika ga dama da su."

Sai ta zauna rubuta mummunan layi. Ta kira ni in tsaya a kanta, wai kada hannunta ya ci amanarta. Na ga ta rubuta, ta goge, ta rubuta. Duk wanda ta yi sai wata kalma ta yi ƙyalli a ciki, ta ja tsaki ta cire. A ƙarshe ta tsayar da wannan: "Rahoto kan wani gini. Labaran gine-gine na shekarun baya." Ta tura, ta rufe kwamfutar kamar wadda ta taɓa ƙazanta, ta je ta wanke kwanukan da aka riga aka wanke.

Tsohon ya shigo daga masallaci ya dube mu. "An gyara?"

"An gyara, Baba."

"Allah ya sa ba irin gyaranki na farko ba ne."

Da la'asar ɗin Laraba ta buga mini ƙofa da ƙafa. Akwai abin da kowane mai wannan sana'a ya sani, ita ma ta sani, tsoro ne ya mantar da ita. Injin bincike bai zama dole ya nuna layin da ka ba shi ba. In ya ga layinka bai faɗi komai game da shafin ba, sai ya jefar da shi, ya shiga cikin rubutun ya tsinto jimlar da ya ga ta fi dacewa da abin da mutane suke nema. Mutane kuma mako biyu suna neman sunan tsohon haɗe da kalma uku: ina ya je. Ta ɗora mini wayar a fuska.

"...shugaban maginan ba ya wurin lokacin da aka zuba kankaren, kuma ya ƙi faɗin inda ya je, duk da tambayar da masu bincike suka..."

Yanzu ba sai an danna ba. Ga shi nan a fili, a sama, a ƙarƙashin sunansa, saura kwana ɗaya.

"Mayar da naki na farko mana," na ce.

"Ko na mayar, ba lallai ya ɗauka kafin gobe ba. Ko ya ɗauka, su danna su tarar da wannan." Tana zagaya ɗakina, ta taɓa labule, ta taɓa kofi, ta mayar. "Shekara bakwai ina gaya wa masu ba ni aiki, layi biyu ba sa rufe ramin da ke cikin shafi. In shafin ne ba shi da amsa, shafin za a gyara."

Ta tsaya. Ta dube ni kamar ni na faɗa. Sai ta fita.

Abin da ta yi, a teburinta ta yi shi, tsohon yana zaune a bayanta yana guge rigarsa ta gobe. Ta rubuta sakin layi ɗaya, da cikakken sunanta, da sunan jarrabawar, da ƙarfe nawa ta kira shi da ƙarfe nawa suka fito. Ta tura wa editan ta ce ya ƙara a shafin, a daidai ƙarƙashin jimlar nan. Ya kira ta nan take, ta fito baranda ta amsa. Na ji tana cewa, "Na sani. Na san za su gani. Wanda zai janye aikinsa ya janye. Kai dai ka sa kafin takwas na safe." Editan da ya ƙi goge layi ɗaya bai yi gardamar ƙarin da zai jawo masa sabbin masu karatu ba.

Ranar Alhamis tsohon ya fita da jakar takardunsa bai san komai ba. Ita kuma ta yini tana hawa da sauka a matakala, ta sayo abin da ba ta buƙata sau uku. Kafin azahar asibitin haƙori sun aiko mata cewa za su dakata tukuna.

Ya dawo bayan la'asar. Ina baranda ina kwashe shanya. Bai dube ni ba, bai dube ta ba, ya wuce ciki ya jawo akwatinsa daga ƙarƙashin tebur. Ƙofarsu a buɗe take.

"Baba, ya aka yi?"

"Shugabansu ya karanta mini. Da ƙarfi, a gaban mutum bakwai." Yana ninke riguna yana jefawa a akwati. "Ya ce in yi haƙuri, ashe ni mutumin kirki ne. Ni da furfurata, yaro yana ba ni shaidar kirki da asirin 'yata."

"Sun ɗauke ka?"

"Wata uku na gwaji. Akwai ɗaki a wurin ginin, na ce ina so daga yau."

"Baba, ai mota ɗaya ce daga nan, ba sai ka..."

"Kwana goma sha ɗaya na yi a kan siminti, Uwata. Abu ɗaya na fito da shi daga wurin nan da ba a ƙwace mini ba, shi ne ban faɗa ba. Shi kika ɗauka kika ba mai cin gyaɗa."

Ba ta ba shi haƙuri ba. Na jira in ji, ba ta bayar ba. Ta je ta ciro maganinsa na hawan jini daga saman firji ta cusa a gefen akwatin, ya bar ta ta cusa. Ya ɗauki akwatin ya fito. A bakin ƙofa ya tsaya, ya laluba aljihu, ya ciro makullin gidan ya miƙa mata.

Ta mayar da hannayenta biyu baya.

"Riƙe makullinka, Baba. In ka gama fushin ka buɗe da kanka, ka san in ina aiki ba na jin ƙwanƙwasa."